Santsin Tsakar Gidan Raƙumi

Raƙumi muke ce masa, ba don tsawo ba, don kuwa gajere ne, kansa ma bai wuce kafaɗata ba. Gwiwoyinsa ne suka jawo masa sunan. Sun yi kanta baƙa ƙirin, mai kauri kamar tafin takalmi, saboda rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta. Sana'arsa wanke tayil ne da gyaransa, amma na waje kawai: tsakar gida, baranda, farfajiyar asibiti, duk inda rana take duka ruwan sama yake zuba. In ka kira shi aikin falo, sai ya ce ka ba yara mopa su goge, wannan ba ciwo ba ne. Ya rasu a ƙarshen daminar da ta wuce. Har yau in na bi ta ƙofar wani gida na ji ƙarar buroshi a kan tayil, sai in ga ƙafata ta rage sauri da kanta.

Tun muna samari muke tare. Ni ina koyon ɗinki, shi yana leburanci, yana kwaɓa wa masu sa tayil siminti. A nan ya lura da wani abu. Masu sa tayil in sun gama sai su tattara kayansu su yi gaba, su bar wa masu gida farin dabbaren siminti a kan sabon tayil, matar gida ta yi ta dirza tana tsine musu. Wata rana ya tsaya ya taya wata tsohuwa wanke nata. Ta gaya wa maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta gaya wa 'yar uwarta. Kafin a jima ya ajiye shebur, ya sayi bokiti biyu da buroshi, ya ɗaura su a bayan keke. Da wannan keken ya yi aure, da shi ya reni 'ya'yansa.

Na sha raka shi aiki in shagona ba ciniki, don haka na san yadda yake yi. Ba ya farawa da ruwa. Zai cire takalmi ya zaga wurin a hankali, kamar mai neman allurar da ta faɗi, yana ƙwanƙwasa tayil da ƙotar buroshi. Wanda ya zauna daram, ƙararsa a dunƙule take. Wanda ruwa ya shige ƙarƙashinsa kuwa, sai ya amsa kamar ƙwaryar da aka kife. Irin wannan sai ya ɗaga shi ya sake zaunar da shi. Daga nan ya share wurin a bushe, ya tsige ciyawar da ta tsiro a tsakanin tayil, ya bi gansakukar da ke inuwa da buroshi mai tauri. Da sassafe yake wanki, kafin tayil ya ɗauki zafi, don ya ce sabulu in ya bushe a rana ba tafiya yake yi ba, kwanciya yake yana jiran ranar da za a yi ruwa ya kayar da mutum. Sabulun ma kaɗan yake sawa, ruwan ɗauraya ne mai yawa, kuma kullum yana kora shi wajen magudana. Inda simintin tsakanin tayil ya zube, da yatsa yake cike shi.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji. Zai watsa ruwa, ya ɗora dunduniyarsa ba takalmi, ya tura ta gaba. In ta kama, aiki ya yi. In ta zame, da saura, ko da wurin yana ɗaukar ido.

Abu ɗaya ne ba ya yi wa kowa, wato shafa man sheƙi a tayil na waje. Akwai wani mai da ake shafa wa na cikin ɗaki, ya bushe ya bar wurin yana walƙiya kamar madubi. Masu gida da yawa sun roƙe shi ya shafa musu a tsakar gida, ya ƙi. Yakan ce, "Tayil na waje an yi shi da kaushi ne don ya riƙe ƙafa. In na lulluɓe kaushin, me na bar muku?"

Matarsa kuwa Amarya nake ce mata, tun ranar da aka kawo ta har ta yi jikoki, ita kuma ta ce mini Tela. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta iya zama wuri ɗaya. Kafin ka gama gaisuwa ta shiga kicin ta fito sau biyu. Gidansu ƙarami ne, ɗakuna a can ƙurya, famfo da igiyar shanya a gefe, sannan ƙofar fita. Duk wanda zai fita daga ɗaki zuwa titi sai ya ratsa tsakar gidan. Da can taɓo ne wurin in damina ta faɗi. Raƙumi ne ya shimfiɗa mata tayil mai kaushi, ruwan ƙasa, da hannunsa, kuma tana alfahari da shi. Amma bakinta ba ya barin tsokana.

Wata rana ina zaune a barandarsu ta ce, "Tela, don Allah dubi tsakar gidan nan. Mijina yana sa gidajen mutane suna walƙiya, nawa kuwa kamar bayan kada."

"Bayan kada ba ya kayar da mutum," in ji Raƙumi.

"To ai don ba a hawansa ne."

Muka yi dariya. Ni na manta da zancen. Shi ashe bai manta ba.

Da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta haihu, Amarya ta tafi ta zauna da ita na ɗan lokaci. Da rani ne, ba alamar hadari. Sai Raƙumi ya sayo man sheƙin nan ya shafe tsakar gidan kaf, har hawa biyu. Na same shi yana shafawa na ce, "Mutumina, ba kai ne kake hana mutane wannan ba?"

Ya ce, "Na ɗan lokaci ne. Ta gani ta ji daɗi, kafin ruwan farko in cire abina."

Ta kuwa ji daɗi. Ranar da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, tana kallon inuwarta a ƙasa. Ta ce, "Maigida, anya ba santsi?"

Ya ce, "Taka kawai. Ni na ce miki ki taka."

Ta taka, ba abin da ya faru, don wurin a bushe yake. Makonni suka wuce tana kiran maƙwabta su zo su gani. Shi kuma kullum sai ya ce gobe zai cire, in ya ga yadda take murna sai ya ƙara ɗaga ranar. Ruwan farko bai jira shi ba. Da rana tsaka aka yi yayyafi, yana can wajen aiki. Ta fito da gudu za ta kwashe shanya, ƙafa ta kwashe ta, ta faɗi a kan ƙugu. Maƙwabta ne suka ji kukanta.

A asibiti aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe. Ƙashi ya haɗe lafiya. Amma ranar sallama likitan ƙashi ya gaya musu magana a gabana, ba ɓoye-ɓoye. Ya ce nasa ya ƙare, saura nata. Dole ta riƙa tafiya kullum, tana ƙara nisa. In ta zauna, jijiyoyin za su sandare, ƙafar ta ƙanƙance, daga nan sai keken guragu har ƙarshen rayuwa.

A kujera muka ɗauko ta muka ratsa tsakar gidan da ita, ta rufe ido gam har muka kai ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake fitowa ba. A cikin ɗaki takan dafa bango ta je banɗaki ta dawo, shi ke nan. Da ta iso bakin ƙofa ta hango tayil ɗin, sai ta ja da baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Auta ta dawo gidan da jaririnta don ta kula da ita. Ta shimfiɗa tabarmi daga ɗaki har ƙofa, Amarya ta ce tabarma a kan santsi ai ta fi santsin sharri. Muka ce za mu riƙe ta hagu da dama, ta ce sai dai mu faɗi mu uku.

Raƙumi ya durƙusa a gabanta yana lallashi. Ya ce, "Yau ba a yi ruwa ba, wurin a bushe yake. Ki taka, ba abin da zai same ki."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranar ma haka ka ce."

Na ga maganar ta shige shi. Ya tashi ya fita. Na bi shi waje na ce a fasa tayil ɗin gaba ɗaya a zuba siminti, a huta. Amarya ta jiyo mu daga ɗaki ta ce kada wanda ya fasa mata tayil, ba shi ya yi mata laifi ba. Raƙumi ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ta san mai laifin."

Washegari ya daina karɓar aikin mutane, ya fara cire man. Aiki ne mai cin rai. Man ya shige cikin kaushin tayil ya bushe, ba ya fita da sabulu. Sai an zuba wani ruwan magani mai warin da ke hawa kai, a jira ya jiƙa, a kankare da ƙarfe, a bi kowane ɗan rami da buroshi, a ɗauraye, wani lokaci a sake daga farko. Na ce zan kawo masu taya shi, ya ce hannun da ya shafa shi zai cire. Daga dokin ƙofarta ya fara.

Da ya gama layin farko, bai ce mata ta fito ba. Ya ɗauko wata 'yar kujera ta katako ya ajiye a bakin ƙofa, ya ajiye buta a gefe.

Ya ce, "Maganata ta faɗi, na sani, ba zan sake cewa ki yarda da ni ba. Amma aiki sai da mai dubawa. Ki zauna a nan, ba sai kin tashi ba. Ki zuba ruwa, ki sa dunduniya ki tura. In ta zame ki ce da saura, in sake."

"Wato ka ɗauke ni aiki."

"E, ke ce uwar ɗakina daga yau."

"Da can wace ce ni?"

Rabon da in ji ta yi masa irin wannan tun kafin faɗuwar. Ta zauna. Ta miƙa lafiyayyar ƙafar, ta zuba ruwa, ta tura dunduniya a hankali, fuskarta a yamutse kamar mai taɓa wuta. Dunduniyar ta tsaya cak. Ta sake turawa da ƙarfi. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Wannan ɗin dai ya yi."

Haka suka shiga yi kowace safiya. Shi yana gaba a durƙushe, ita tana baya a kan kujera. In layi ya wuce gwaji, sai ta ja kujerar daga zaune ta matso. Ni kuma na mai da gidan hanyata, kafin in buɗe shago sai na biya na ga inda kujera ta kai. Ta bar dokin ƙofa, ta wuce baranda, ta fito fili inda rana take samunta. Launin fuskarta ya dawo, bakinta ma ya dawo. Auta takan ɗora mata jariri a cinya tana aikin dubawa. Tun farko sun yi alkawari tsakaninsu cewa ranar da tayil na ƙarshe ya wuce gwaji, za ta miƙe ta taka.

Sai na lura da wani abu. Da aikin ya fara nisa, sai "da saura" ta yi yawa a bakinta. Tayil ɗin da ni ma na ga dunduniyarta ta kama shi, sai ta ce a sake. Wani ma sau uku ta mai da shi. Na ja shi gefe na ce, "Kai, matar nan wasa take da hankalinka. Tsoron ranar gamawa take."

Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa kake sakewa?"

"Tela, kai in mai kaya ya dawo da riga ya ce wuyan ya matse, alhali ka san bai matse ba, me kake yi?"

"In rataye ta kwana biyu in ba shi abarsa."

"To ni ba na iyawa. In na yi mata haka sau ɗaya, ƙafarta za ta gane."

Ya koma ya durƙusa.

Tari kuwa ya daɗe da shi, tun zamanin ƙurar siminti, amma yanzu ya canza. In ya fara sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya daɗe kafin numfashi ya dawo. Wandonsa ya fara yi masa yawa, ni na rage masa ƙugun. Auta ta sayo masa takunkumin rufe hanci da baki, ya riƙa sa shi a haɓa, wai yana hana shi jin ko maganin ya jiƙa. Da ƙyar ta ja shi asibiti. Da suka dawo ta same ni a shago, ta zauna a kan bencin masu jira, ta ce, "Baba Tela, huhun ne. Sun ce ya daɗe yana cinsa, ba na yau ba ne. Sun ce ya rabu da warin maganin nan in yana son ya ƙara kwana."

"Kin gaya wa mamanki?"

"Baba ya ce kada in gaya mata."

"Za ki gaya mata?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Ai ita take wanke masa hankici da hannunta daga zaune. Me zan gaya mata da ba ta gani ba?"

Na je na yi masa faɗa irin na abokai, na kira shi mai taurin kai, na ce sunan da muka sa masa bai ɓata ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Likitanta ya ce lokaci yana ƙurewa, nawa ma ya ce haka. In na zauna yau, ita ma ta zauna ke nan. Gara ɗaya daga cikinmu ya tashi."

Daga makon nan sai abin ya juye. Matar da take mai da aiki sau uku, yanzu kafin ya gama ɗauraya ta ce ya yi.

Ranar da ba zan manta ba, an yi ruwa da asuba, tsakar gidan duk a jiƙe. Na shigo na same su, kujera ta wuce tsakiya. Ya riga ya gama hanyar da ta miƙe zuwa ƙofar fita, ya juya gefen famfo, inda man ya fi kauri. Auta tana ɗaki da jariri. Ya ɗauraye wani tayil ya ja da baya yana haki.

"Ya yi," in ji Amarya.

"Ƙafarki ma ba ta taɓa shi ba."

"Da ido na gani."

"Ido ne ya kai mu asibiti. Sa ƙafa."

Ta ɗan dangwala yatsa. "Ya yi, na ce. Wancan ma ya yi. Duk sun yi. Tashi ka shiga ciki."

"Ba haka ake dubawa ba. In ba za ki iya aikin ba, in ɗauki Tela."

"Tela da ko bakin wando ba ya iya daidaitawa?"

Na ce, "Ni me na yi kuma? Daga zuwa gaisuwa."

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ya dafa ƙasa, kafaɗunsa suna girgiza, ya daɗe a haka. Mu biyu muka jira ya lafa. Da ya lafa ya laluba ya ɗauki ƙarfen kankarar zai ci gaba.

Ta ce, "Maigida."

"Na'am."

"Daga nan zuwa ƙofar gida, an gama ko ba a gama ba?"

"Ke kika duba."

"In na tashi na taka har ƙofa, za ka ajiye ƙarfen nan? Ba na yau kawai ba. Ka ajiye shi ke nan."

"Alkawarinmu sai an gama duka."

"Na canza. Ba ni ce uwar ɗaki ba?"

Ya dube ta, ya dubi hanyar da ruwa yake kwance a kai. Ya ce, "Ki bari rana ta fito ya bushe."

"A bushe ai ko wancan karon na taka. Tela, kai ne shaida. Miƙo mini sandar can."

Sandar da asibiti suka ba ta tana jingine a baranda, ba ta taɓa fita da ita ba. Na kawo mata. Na miƙa hannu zan kama ta, ta ce, "Matsa, kada ka zame ka ja ni." Raƙumi ma ya girgiza mini kai. Na koma gefe, hannuwana a buɗe kamar mai jiran a jefo masa kaya.

Ta zare silifas ɗinta ta ture su. Ta dafa sanda ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa ta miƙe. Ƙafar da aka yi wa aiki tana karkarwa, ana gani ta cikin zani. Ta miƙa dunduniya ta tura a kan tayil na gaba, kamar yadda ta saba daga zaune. Ya kama. Ta ɗora nauyinta. Ta jawo ɗaya ƙafar. Haka ta yi ta yi, kowane tayil sai ta gwada shi kafin ta hau, bakinta yana motsi da addu'a. Auta ta fito bakin ƙofar ɗaki da jariri a kafaɗa, ta toshe bakinta da hannu. A tsakiyar hanya Amarya ta tsaya, na ce a raina shi ke nan, za ta nemi kujera. Ashe numfashi take mayarwa. Ta ci gaba.

Da ta kai ƙofa ta zare sakata ta buɗe, ta leƙa titi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta waiwayo ta ce, "Yaushe mai kantin can ya yi fenti? Wannan kala kamar ciwon ido, ba wanda ya hana shi?"

Raƙumi yana nan a durƙushe, hawaye yana bin gemunsa. Ya ɗauki ƙarfen ya saka a bokiti, ya ɗora buroshi a kai, ya ture bokitin gefe. Ya ce, "Tela, zo ka tashe ni, ƙafafun sun ƙi." Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi. Ban taɓa sanin ya zama marar nauyi haka ba. Na zaunar da shi a kan kujerar da ta bari.

Ya cika alkawari, bai sake durƙusawa ba. Mijin Auta ne ya ƙarasa gefen famfon, da takunkuminsa a inda ya dace, Raƙumi yana ba shi umarni daga nesa, Amarya tana dubawa a tsaye. Sauran daminar kuwa a kan kujerar nan ya yi ta, a baranda, da bargo a kafaɗa, yana kallonta tana kai da kawo. Daga ƙofa ta fara kaiwa bakin kanti, daga kanti ta kai kwanar layi. In ta dawo sai ta ba shi labarin duk abin da ta gani, da wanda ya yi ƙiba da wanda ya rame. In za a kai shi asibiti, ita take gaba da sandarta, ta tsayar da mota, ta yi wa direba faɗa in ya faɗa rami. Na ga farin ciki a fuskar abokina a watannin nan irin wanda ban gani ba ko lokacin da yake da ƙarfinsa.

Da jikin ya yi tsanani aka kwantar da shi. Wata la'asar ina gefen gadonsa, ta fita kiran nas, ya kama hannuna. Muryarsa ta dushe, sai da na sunkuya. Ya ce, "In na tafi, mutane za su ce ta zauna ta huta. Kada ku bari ta koma ɗaki." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Kai dai ka ji." Bayan kwana kaɗan ya cika, da hantsi, tana riƙe da shi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa yin aboki kamarsa ba, kuma a shekaruna na yanzu ban sa ran yi.

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Kwanakin zaman makoki tana ɗaki, mata sun kewaye ta, kowa yana cewa ta zauna kada ta motsa, ruwa ma sai a miƙo mata. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya yi shiru, na riƙa aika mai ɗakina ta duba ta. Kullum sai ta dawo ta ce ta same ta a bakin gado. Na rasa yadda zan yi. Ni ba ni da dabarar Raƙumi, allura da zare kawai na sani.

Da kwanaki suka ja har ta fita takaba, na kasa haƙuri. Wata safiya na rufe shago na tafi, ina ta shirya abin da zan ce mata a hanya, duk wanda na shirya sai in ji bai yi ba. Na yi sallama. Tsakar gidan a wanke take tas, ruwan ɗauraya bai gama tsanewa ba a bakin magudana. Auta ta fito tana goye da yaron.

Na ce, "Ina mamanki? Tana ciki?"

"Ai kun yi saɓani, Baba Tela. Ta wanke nan da dogon buroshi tun da sassafe, ta ce zaman ya fara riƙe mata ƙafa. Ta tafi kasuwa."

"Ita da wa?"

"Ita kaɗai. Na ce in raka ta, ta ce in zauna in yi renona, ba ta son mai jan ƙafa."

"Kasuwa kuwa da nisa."

"Na gaya mata. Ta ce in ta gaji akwai benci a shagon Tela, ko ba komai yana da amfanin wannan."

Na ce to ga shi na kulle shagon na taho. Auta ta yi dariya har ta dafa bango, ta kawo mini ruwa. Na zauna a baranda ina jira. Rana ta ɗaga, yaron ya yi barci ya farka, ba ta dawo ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, masu kawo mini ɗinki sun sani, amma ranar ban ƙosa ba ko kaɗan.